Wa Zai Riƙe Filin Sukuwa?

Filin Sukuwa da ke unguwar Nassarawa, inda matasa ke taka leda cikin ƙura tun da asuba, bai kamata ya fita daga hannun hukuma ba. Wasu na cewa a miƙa wa 'yan kasuwa, tunda gyara na yi wa gwamnati wuya. Da gaskiyarsu, domin ko filin Sani Abacha da ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 ya sha lalacewa. Amma ɗan kasuwa riba yake nema. Ranar da ya sa kuɗin shiga, ɗan talaka daga unguwar Brigade ya koma titi. Gwamnati ta riƙe mallaka, ta damƙa kulawa ga ƙungiyoyin wasanni da masu unguwanni, a riƙa bayyana wa jama'a kuɗin hayar taruka.