Ƙarfin Mata da Shan Inna: Darasi Daga Rayuwar Folashade Oluwafemiayo



A ƙasar Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka ce ƙarfi sai hankali ya tafi ga maza. 'Yan kokawa da 'yan dambe su ke da kirari, su ke da makaɗa irin su Ɗan Anace, wanda ya ɗaukaka sunan Shago. Amma matar da ta wuni tana sussuka da daka, ta ɗauko ruwa da itace a ka, ba ta da makaɗi. Idan kuwa gurguwa ce, ba a ma kawo ta cikin lissafi. Manufar wannan lacca ita ce a gwada wannan ra'ayi da labarin wata 'yar Nijeriya.

An haifi Folashade Oluwafemiayo a garin Jos cikin 1985. Tana da nakasar ƙafa, sana'arta kuwa ɗaga ƙarfe. Yadda ake wasan shi ne, mai gasa za ta kwanta rigingine bisa benci, ta sauko da sandar ƙarfe mai ɗauke da nauyi har ƙirjinta, ta tsayar da ita cak, sannan ta tura ta sama sai hannuwa sun miƙe. Sau uku ake ba kowa dama. Alƙalai uku ke dubawa, sai biyu daga cikinsu sun yarda ɗagawa ta karɓu. Ana raba 'yan wasa ne bisa nauyin jikinsu. Ba a shigar da mata wannan gasa a babban wasan nakasassu na duniya ba sai cikin 2000, a birnin Sidni na Ostareliya.

Folashade ta fara fitowa a wannan babban fage a Landan cikin 2012, tana da shekara 27, ta zo ta biyu. Ba ta halarci na 2016 ba. A Tokiyo cikin 2021 ta ɗaga kilo 152, ta ci zinariya. A Faris cikin 2024, tana da shekara 39, ta ɗaga kilo 167, nauyin da babu macen da ta taɓa ɗagawa a rukuninta kafin ranar. Watau fiye da buhun siminti uku ke nan, da hannu kawai, a kwance. Ba ita kaɗai ba ce. Lucy Ejike, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, ta ci lamba a wasanni shida a jere daga 2000 zuwa 2021, uku daga ciki zinariya. Lalle kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

To, ina ruwan mutanen Sabon Birni da Isa da wannan labari? Amsar tana cikin sunan cutar kanta. Bahaushe ya ce shan inna domin ya ɗauka Inna ce, uwar bori, ta shanye ƙafar yaro. A Gobir kuwa Inna ba baƙuwa ba ce, har sarautar mata akwai mai wannan suna, wadda a da ita ke shugabancin 'yan bori. Wanda ya yarda iska ce ta shanye ƙafa, ba zai nemi rigakafi ba, wajen mai girka zai nufa. Haka kuma zai ɗauka wadda abin ya shafa ta gama yawo, sai bara. Alhali ƙwayar cuta ce mai shiga ta baki, daga ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ɗigon magani kuma yana tare ta.

An ga abin da jinkiri ke jawowa. Cikin 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin saboda zargi, Kano ba ta koma ba sai cikin 2004, cutar ta yaɗu har ƙasashen waje. Sai cikin Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Duk da haka, wani nau'inta yana iya ɓulla inda yara da yawa ba su sami ɗigon ba, kamar ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana ma'aikatan lafiya shiga.

Saboda haka aiki biyu ke gaban jama'a. Na farko, a kai wa kowane yaro rigakafi, har waɗanda suka yi gudun hijira. Na biyu ya shafi 'yan matan da cutar ta riga ta taɓa. Wannan wasa ba ya bukatar fili ko doki. Benci ne da sanda da malami. Ana iya ajiye su a makarantar 'yan mata, mace ta koyar, cikin sutura da mutunci. Arewa ta san irin wannan dabara, domin Misbahu Lawan Didi ya ƙago ƙwallon guragu cikin 1988.

Ƙarfin da ke hannun mai daka a Turba shi ne irin wanda aka auna a Faris. Bambancin shi ne an sami mai aunawa. Allah ya sa a dace.