Jawabi Ga Samarin Tambuwal Da Kebbe Masu Neman Aiki

'Yan'uwa, kun ƙare makaranta, amma aiki shiru. To, ku saurara. In Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta kira ku intabiyu Sakkwato, ku kwana can. Mutumin Kuchi da ya tsaya jiran motar safe, sai ya iske an tashi. Ku riƙo takardunku na asali, har da shaidar ƙaramar hukuma. Abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ban da kame-kame.

Na san za ku ce, "Ai sai da wasiƙar babba." Ita munka zo kashewa! In kunka zaɓe mu, kowane gurbi sai an yi shelarsa a Rediyon Rima, a manna sunayen waɗanda sunka ci a sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe.