Daga Saiwa zuwa Ƙwaya: Neman Maganin Shan Giya a Jikin Tsirrai



A watan Satumba na 1983 Shugaba Numeiri ya haramta giya a Sudan, har aka tuttular da ita a kogin Nilu. Doka ta rufe shaguna, amma tukunyar giyar marisa ba ta sauka daga murhu ba, balle araƙin dabino. Mu nan Basunda, ga iyakar Habasha a bakin hanci, ga kuɗin yankan riɗi a aljihun samari, kowa ya san gidan da abin ya shiga. Uwar da ɗanta ya kamu kuwa, kunya ba ta barinta ta nufi asibiti. Wajen mai magani take zuwa, a ƙulle mata garin saiwa a leda, ta barbaɗa a miya ba da saninsa ba. Yaro ya kwana yana amai, a ce magani ya ci.

Ban zo in raina saiwa ba. Naltrexone, ƙwayar da Amurka ta amince da ita a 1994 don rage ƙwalamar giya, daga wani sinadari na tsiron ofiyom ake haɗa ta. Abin da ya raba ta da ƙullin ledar nan awo ne kawai: an san abin da ke ciki, an san nawa za a sha, an san wanda bai kamata ya sha ba.

Ku dubi kudzu, wata yaɗo da Sinawa suka daɗe suna bai wa mashaya. A 1993 Wing Ming Keung da Bert Vallee na Jami'ar Harvard suka gwada sinadarinta mai suna daidzin a kan wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera, waɗanda in aka ajiye musu ruwa da giya, giyar suke zaɓa. Sai suka rage sha. Ga abin da aka sani game da daidzin: hanta tana mayar da giya wata guba tukuna, sannan wani sinadarin jiki ya wanke gubar; daidzin yana taka wa wannan sinadari birki. A 2005 Scott Lukas na asibitin McLean ya zaunar da mashaya goma sha huɗu a wani ɗaki da aka shirya kamar falon gida, da talabijin da firij cike da giya. Bayan mako guda suna shan kudzu, kurɓarsu ta ƙanƙance, kwalaben da suke shanyewa suka ragu. Amma fa ragewa suka yi, ba dainawa ba, kuma mutum goma sha huɗu ba su isa a kafa hukunci da su ba.

Ita kuwa saiwar iboga ta ƙasar Gabon, an yi ta kururuta ta a matsayin maganin shaye-shaye, alhali sinadarinta yana rikita bugun zuciya, har an rasa rayuka.

To ina namu tsirran? A Abuja, cikin shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, da karan dafi da masoro da kanumfari a ciki, ta auna, ta gwada, ta fitar da Niprisan don masu sikila. Abin da nake roƙo ke nan ga Jami'ar Gadarif: ɗalibai su zauna da masu maganinmu, su rubuta sunan kowace saiwa da Hausa da Larabci, da wurin da aka haƙo ta, da watan da aka haƙo, a kai ɗakin gwaji, hakkin mai ilimin kuma a rubuta shi tun farko.

Kafin nan, iyaye, wanda ya shekara yana sha kullum kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina yau. Cikin kwana biyu zuwa uku karkarwa da farfaɗiya da gane-gane na iya kama shi, har ta kai ga mutuwa. A kai shi wurin likita, a tafi da ledar garin da aka ba shi, likitan ya gani.