Yaƙin Sararin Samaniya: Tsakanin Littafi Da Fim

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1986 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Birnin Kudu

 

Da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce an ba ni minti 20 in yi magana a kan abin da na ga dama, sai na ce masa zan yi magana a kan ƙagaggun labaran kimiyya, musamman na yaƙin sararin samaniya. Ya yi shiru har na zaci layi ne ya katse. Can sai ya ce, "Ashe har yau ba ka warke ba?" To, ban warke ba, kuma wanda ya ɗora mini wannan ciwo ga shi nan zaune a sahun gaba, malaminmu na Hausa, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Amma ba don nishaɗi kaɗai na zaɓi wannan batu ba. A ajandar yau akwai shawarar da kwamitin ayyuka ya kawo, cewa a saya wa ƙannenmu majigi da babban allo domin kallon fina-finai a ƙarshen mako. Ina goyon bayan shawarar, sai dai da sharaɗi guda, kuma sharaɗin ne zan yi ƙoƙarin bayyanawa.

Muna aji biyu Malam ya shigo da wani ɗan siririn littafi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, wato shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Labarin yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawo cikin taurari. Mun saba da aljannu da dodanni a tatsuniya da Magana Jari Ce, amma wannan ne karo na farko da muka ga ɗan ƙasarmu, mai magana da harshenmu, ya bar doron ƙasa baki ɗaya. Daga nan mu biyar muka zama 'yan gani-kashe-ni. Duk wanda ya je hutu Kano ya shiga Plaza ko Orion ko Marhaba, wajibi ne ya dawo ya ba sauran labarin fim daga farko har ƙarshe bayan an kashe fitila. Gwaninmu wani aboki ne ɗan Gwaram. Shi ya ba mu labarin Star Wars, har da ƙarar takubban haske da bakinsa, kuma da na ga fim ɗin da idona bayan shekaru, wallahi nasa ya fi daɗi.

A watan Maris na 1986, muna ajin ƙarshe, tauraruwa mai wutsiya ta gaske ta bayyana, wadda ake kira Halley, mai zagayowa kusan duk shekara 76. Muka tashi kafin asuba muka hau dutse muna duban kudu. Abin da muka gani ɗan dishi-dishi ne kamar an shafa alli da yatsa. Ɗan Gwaram ya ce ta littafi ta fi wutsiya. Za ta dawo a 2061, sai jikokinmu su ba da nasu hukuncin.

A lokacin ba mu san cewa abin da muke yi yana da tarihi ba. A 1926 wani mutum a Amurka, Hugo Gernsback, ya fara buga mujallar Amazing Stories, ya riƙa buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu. Sai masu karatun suka fara rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa buga 'yan ƙananan mujallunsu. Duk wanda ya san yadda ƙungiyoyin zaɓi sonka suka tsiro daga gaishe-gaishen rediyo a ƙasar nan ya san yadda abin yake. A 1939 suka yi babban taronsu na farko a New York, mutum kamar 200. A 1953 suka fara ba da lambar yabo ta Hugo, wadda masu karatu ne da kansu ke jefa ƙuri'ar zaɓen wanda zai ci. A 1968 da suka ji za a dakatar da shirin talabijin na Star Trek, ruwan wasiƙu suka yi wa gidan talabijin ɗin har aka ƙara masa shekara guda. Waɗannan mutane su ne ke tsaron littafi idan masu fim suka zo ɗauka. Su ne ke tambaya, me aka cire, kuma don me?

Misalin da ya fi kowanne tayar da ƙura shi ne Starship Troopers, wato dakarun jirgin taurari, na Robert Heinlein, wanda ya fito a 1959 ya ci lambar Hugo a 1960. Heinlein tsohon hafsan sojan ruwa ne da tarin fuka ya raba da aiki a 1934, bai taɓa shiga fagen daga ba. Littafin nasa labarin wani saurayi ne, Juan Rico, da ya shiga soja ana yaƙi da wasu halittu masu kama da gizo-gizo. To, amma duk wanda ya karanta ya san faɗan kaɗan ne a ciki. Mafi yawansa horo ne da muhawara a aji, domin a duniyar da marubucin ya ƙaga, ba mai jefa ƙuri'a ko riƙe muƙami sai wanda ya kammala hidimar ƙasa, mafi yawa ta soja. Hujjarsa ita ce, wanda ya yarda ya ba da ransa don jama'a shi ya cancanci ya zaɓa musu shugaba. Mu da muka yi ƙuruciyarmu da samartakarmu a ƙarƙashin mulkin soja muna da abin cewa a kan wannan hujja, kuma ni dai ban yarda da ita ba. Amma littafin ya tilasta mini in zauna in nemo dalilina na ƙin yarda, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ya yi mini ba.

A 1997 aka mai da shi fim da kuɗi kimanin dala miliyan 100. Daraktan, Paul Verhoeven, mutumin Holan ne da aka haifa a 1938, ya yi yarintarsa sojojin Jamus na mamaye da ƙasarsu, bama-bamai na zuba a unguwarsu. Shi da bakinsa ya ce bai iya ƙarasa karanta littafin ba. Abin da ya yi shi ne ya juya labarin ya zama habaici ga masu bautar ƙarfin soja: ya sa wa hafsoshi kaki irin na 'yan Nazi, ya cika fim ɗin da tallar shiga soja ta izgili. Sulken ƙarfe mai inji, wanda shi ne abin da masu karatu suka fi ɗokin gani, aka cire shi saboda tsada, aka zuba kuɗin a kan ƙwarin. Sannan ga wanda ya fi ba ni haushi. A littafi sai can kusa da ƙarshe ake gane cewa Rico ɗan asalin Filifin ne, harshen Tagalog suke yi a gida, abin da ba a saba gani ba a littattafan Amurka na 1959. A fim sai ga shi Bature fari tas.

Na kalli wannan fim a gidan kallo na bidiyo, cikin samari cike da benci. Ba wanda ya ji habaicin. Duk lokacin da aka ɓarke da harbi sai tafi da ihu. Wannan ita ce matsalar da nake so mu lura da ita. Na'urar ɗaukar hoto tana ƙawata yaƙi ko da mai riƙe da ita yana ƙinsa, domin wuta da gudu da ƙarar bindiga suna da daɗin kallo, muhawara kuwa ba ta da shi. Heinlein ya yi tambaya, Verhoeven ya ba shi amsa, amma yaron da fim kaɗai ya gani bai ji tambayar ba, bai gane amsar ba. Ƙwari kawai ya ga ana kashewa.

Haka aka yi wa Ender's Game na Orson Scott Card, littafin 1985 da ya zama fim a 2013. A littafi yaron yana ɗan shekara 6 aka raba shi da iyayensa, aka yi shekaru ana gasa masa aya a hannu a makarantar soja, har ya hallaka wata al'umma ɗungurungum yana zaton wasan kwamfuta yake yi. A fim an girmar da shi, an dunƙule shekarun, sai zaluncin ya ragu. A wannan zamani da ake kai hari da jirgi maras matuƙi daga gaban allo, labarin ya daina zama almara. Ko Dune na Frank Herbert, wanda da yawanku kun ga fina-finansa na 2021 da 2024, kalmar jihadi da ta cika littafin an musanya ta da wata, ko da yake an bar Mahdi. Wanda bai karanta ba ba zai san an taɓa komai ba.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne The Forever War, wato yaƙin da ba ya ƙarewa, na Joe Haldeman, 1974. Shi wannan ya ga yaƙi. Ya karanta kimiyyar taurari, aka ɗauke shi soja dole aka kai shi Biyetnam, ya dawo da raunuka. Ya ɗauki ƙa'idar Einstein da aka koya mana a ajin kimiyya, cewa wanda ke tafiya da gudun da ya kusa na haske lokaci na tafiyar masa a hankali, ya gina labari a kanta. Sojansa, William Mandella, ya tafi yaƙi na kamar shekara 2 a lissafinsa, ya dawo ya tarar fiye da shekara 20 sun wuce a duniya, kuɗi sun canza, ɗabi'u sun canza, ba inda zai sa kansa, sai ya koma soja. Yaƙin ya shafe sama da shekara 1,000, a ƙarshe aka gano rashin fahimtar juna ne ya haddasa shi. A 2008 aka ba da sanarwar cewa Ridley Scott zai mai da shi fim, a 2015 kamfanin Warner ya karɓi aikin, duka biyun ba su kai ga allo ba. Ni ban yi mamaki ba. Zuciyar littafin baƙunta ce, mutum ya zama baƙo a gidan ubansa, wannan kuwa ba ta fashewa balle a yi mata tafi.

Abokin nan namu na Gwaram, mai ƙarar takubba da baki, soja ya shiga bayan mun gama. Yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG a farkon shekarun 1990. Da ya dawo na je gaishe shi. Ya tafi muna Jihar Kano, ya dawo ya tarar da mu a Jigawa, an yi wa ƙanwarsa aure, kuɗin da ya tara ba sa sayen rabin abin da ya ƙudurta. Mutumin da ba ya rufe baki ya zama sai a wuni bai ce uffan ba. Na ba shi aron littafin Haldeman. Bayan wata biyu ya aiko mini da shi, ya rubuta a bangon ciki cewa wannan Bature ya san abin da yake faɗa. Allah Ya yi masa rasuwa shekarun baya, Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa ya huta. A garuruwanmu akwai irinsa tun daga kakanninmu da suka je yaƙin Bama, zuwa na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, zuwa 'ya'yanmu da ke arewa maso gabas. Wasu daga cikin yaran da za su zauna gaban majigin nan kaki za su sa nan da 'yan shekaru, don haka ya kamata mu damu da hoton yaƙin da za mu nuna musu.

Kada a ce ina ƙin mai da littafi fim. Mu ma mun yi, kuma mun iya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya zama fim a hannun Adamu Halilu a 1976. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tashi daga takarda ya koma kaset a shekarun 1990. Littattafan jarumta irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini sun nuna muna da masu karatun labarin yaƙi birjik, duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon hayar littattafai shaida ne. Wurin ɗauka ma ba mu rasa ba. A hamadar Tunisiya aka ɗauki duniyar Star Wars, a duwatsun Jodan aka ɗauki ta Dune. Wanda ya tsaya a Dutsen Habude ko Dutsen Mesa da almuru, gaban zanen shanun nan da mutanen da suka bar mana, ko ya bi hanyar Gwaram lokacin hazo, ya san ba sai mun je ko'ina neman wata duniya ba. 'Yan ƙasarmu kuma sun riga sun shiga fagen: Nnedi Okorafor ta ci lambar Hugo a 2016 da Binti, Tade Thompson ya ci ta Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater.

Ga sharaɗin nawa, ya Shugaba. A sayi majigi, amma a keɓe wani kaso na kuɗin domin littattafai, ta yadda duk fim ɗin da aka samo daga littafi, za a ajiye kofe na littafin a laburare wata guda kafin a nuna shi. Bayan kallo a ba yara rabin awa su yi gardama a kan abin da aka cire da abin da aka ƙara, malamin Turanci ko na Hausa yana alƙalanci. Na yi alkawarin kofe 10 na littafin Haldeman da 10 na Heinlein daga aljihuna, da sunan marigayi abokinmu. Ina kuma roƙon 'yan ajinmu na 1986 mu nemo Tauraruwa Mai Wutsiya mu ba ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, su gwada mai da shi wasa su nuna mana a taron baɗi, su ɗanɗana da kansu wahalar zaɓen abin da za a bari da abin da za a zubar. Nawa kofen na aji biyu yana hannun wani da ke cikin zauren nan tun 1985, ya san kansa, ina jiransa a bakin ƙofa bayan an tashi.