Laifin Na'ura ko na Mutum: Me Ya Sa Ɗalibi Zai Koyi Tushen Rubuta Manhaja?



Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi daga Kourou a karon farko, amma ba ta cika sakan 40 a sama ba ta tarwatse. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa manhajar da ke auna tafiyarta ta yi ƙoƙarin cusa wani babban adadi cikin ma'ajin lamba mai gurbi 16, wanda iyakar abin da yake ɗauka shi ne 32,767. Kamar ka juye buhun gero cikin tiya ɗaya. Daga Ariane 4 aka kwaso manhajar, alhali sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu. Kwamfutar da aka tanada domin ko-ta-kwana ma wannan manhajar ce a cikinta, don haka tare suka tsaya. Jama'a suka ce kwamfuta ta yi kuskure, alhali abin da aka rubuta mata ta bi, ba ragi ba ƙari.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya faru a Birtaniya. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Mai kula da ƙaramin gidan waya zai ƙirga kuɗinsa da yamma ya ga sun cika cif, allo kuma ya nuna giɓin dubban fam. Ya yi ta rantsuwa, ba mai sauraronsa, domin an riga an ɗauka na'ura ba ta ƙarya. Zuwa 2015 an gurfanar da ɗaruruwan mutane bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun karye. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, a 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana ɗaya.

A nan tushe yake da amfani. Ɗalibin da ya san yadda kwamfuta ke ajiye lamba, ya san abin da ke faruwa idan layi ya katse ana tsakiyar tura kuɗi, zai iya duba ya ce ga inda gizo ke saƙa. Wanda kuwa ya saba kwafo rubutun manhaja daga intanet ko daga ƙirƙirarriyar basira yana mannawa, in abu ya lalace, wanda ke zaune gaban allo zai zarga. Mu ma yau muna da masu POS a kowane lungu, kuma su ne mai kuɗi ke cin kwalarsu idan an cire masa bai samu ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassan kwamfuta: kada ku yaye ɗalibin da bai taɓa bin manhajar wani layi bayan layi ya zaƙulo kuskurenta da kansa ba.