Kifi namu, farashi na wasu

(Jawabin da ɗaya daga cikin mambobin ƙungiyarmu ya gabatar a zaman muhawarar matasa a Magariya)

 

Bari in fara da tambaya. Kifin da kuka ci a wannan makon, daga ina ya fito? Wanda ya ci soyayye a bakin gudurun, mai yiwuwa kifin ƙanƙara ne da ya keto teku a cikin kwali. Wanda ya ci banda a miya, wataƙila tarwaɗa ce da ta tsallako iyaka daga Najeriya. Alhali kuwa muna zaune a ƙasar Korama, inda ruwa yake kusa da ƙasa, ga tabkuna birjik tsakanin Magariya da Dungas. Tabkin Lasuri ma tun 2005 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

To kasuwar kifi ta duniya ta juya. Hukumar FAO ta bayyana cewa a 2022, karo na farko a tarihi, kifin kiwo ya fi wanda ake kamawa a teku da koguna yawa: ton miliyan 94 da ɗoriya, wato kashi 51 cikin ɗari. Maƙwabciyarmu Najeriya ita ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗa. Shi ya sa kuke ganin bidiyo ta cika Facebook da TikTok: ka sayi tamfol, ka zuba ƴaƴan kifi, bayan wata shida ka zama Alhaji.

Wani abokina, ɗan fadarmu, ya gwada. Ya sayar da babur ɗinsa ya kafa tamfol a bayan gida. Kifin ya yi kyau, wallahi. Amma abin da bidiyon ba ta gaya masa ba shi ne, abinci kaɗai yana cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, kuma daga ƙetaren iyaka yake sayo shi, haka ma ƴaƴan kifin. Ranar da kifi ya isa sayarwa, ba shi da firigo, ba shi da murhun banda, kifin kuma kullum sai ya ci. Dillali ya zo ya faɗi farashin da ya ga dama, shi kuma ya sallama. Yau ba babur, ba kifi.

Ba ragwanta ce ta kayar da shi ba, kun gane? Ku duba abin da ya faru a kan iyakar nan cikin ƴan shekaru. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai Disambar 2020 ta buɗe. Bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe su, aka yanke mana kuran, sai a Maris 2024 lamarin ya warware. A tsakanin nan naira ta faɗi warwas. Idan naira ta faɗi, bandar Najeriya tana shigo mana da araha, ɗan kasuwar Maigatari ko na Babura kuma ba ya iya biyan kifinmu da sefa. Idan iyaka ta rufe, abincin kifi ya yanke. Ko ta wane gefe aka juya, mai kiwo na nan ne a ƙasa.

Mutanen Diffa sun ɗanɗana wadda ta fi wannan ɗaci. Bandar Tafkin Cadi ta ciyar da dubban gidaje, tana tafiya har kasuwannin Najeriya. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015 saboda Boko Haram, aka hana su da cinikin kifi shekara da shekaru, masunta suka koma jiran tallafi.

Sannan ga halin da tabkunanmu suke ciki. Kacalla tana cinye su, kamar yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Rairayi yana cike su. Ana jefa koma mai ƙananan ido, har da gidan sauro, a kwashe karfasa tun ba ta kai girman yatsa ba. Proje ya zo ya zuba ƴaƴan kifi, a ɗauki hoto, a tafi. Bayan shekara wa ya san kilo nawa aka kama, wa ya saya, nawa ya shiga asusun gari?

Ga abin da nake kira mu yi, kuma ba ya buƙatar jiran Yamai.

Na farko, mu je mairi da ofishin ruwa da gandun daji mu nemi a liƙa a bango: tabki nawa aka zuba wa kifi, wa yake riƙe da izinin su, nawa aka karɓa. Dukiyar jama'a ce, tambaya a kanta haƙƙinmu ne.

Na biyu, mu zauna da Sarkin Ruwa da masunta kan watannin hutun tabki da girman idon koma, mu kuma fito aikin gayya na yanke kacalla. Su suka san ruwan nan tun kafin a haife mu.

Na uku, duk mai niyyar kiwo ya fara da lissafin abinci da mai saye, tamfol ya zo daga baya. Muna da dusa, muna da ƙuliƙuli, muna da ɗalibai a Jami'ar Zinder da za su iya gwada mana haɗin abinci na gida. Matasa goma su haɗa kuɗi su gina wa iyayenmu mata masu banda murhu mai kyau. Kifin da aka banda yana jiran kasuwa, ɗanye kuwa kafin dare ya fara wari, kuma dillali ya san da haka.

A ƙarshen zaman nan za a zagaya da takarda. Wanda zai bi mu mairi ranar Litinin ya rubuta sunansa.