ABIN DA ƊAN ƘARAMIN JIRGIN RUWA YA KOYA MINI

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)





Lokacin da Sakataren Ƙungiya ya aiko mini da takardar gayyata, na ɗauka za a ce in yi magana a kan aikin gwamnati, tunda abin da nake ci da shi ke nan. Sai na ga an rubuta cewa in zo da jirgina. To, ga shi nan a kan tebur. Tsawonsa santimita 80, nauyinsa kilo 8, kuma ban da injin da batir da farfela da kayan rediyon da ke sarrafa shi, babu abin da ba da hannuna na yi ba. Na san wasu na cewa a ransu, wannan mutum da gemunsa da iyalinsa ya koma wasan yara. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin akwai buƙata a ƙarshen maganar, kuma ta shafi makarantar nan.

Asalin abin daga Lakwaja ne, inda na yi aikin bautar ƙasa bayan na gama jami'a. Kun san can ne kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, kuma can ne hedkwatar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka kafa a 1997. Da yamma nakan zauna a bakin ruwa ina kallon wani gajeren jirgi mai faɗin ƙirji, irin wanda aikinsa shi ne tura manyan kwale-kwalen ƙarfe na dakon kaya waɗanda ba su da inji. Ba shi da kyan gani, ba shi da gudu, amma yana tura abin da ya ninka shi girma sau da yawa. Ni da na taso inda ruwa sai na rijiya da na kududdufi, abin ya tsaya mini a rai. Na dawo gida, na kama aiki, na yi aure, shekaru suka shuɗe ina juya fayil, amma jirgin nan bai bar ni ba. A farkon 2022 na ce bari in gwada yin ƙaraminsa.

Kafin in taɓa katako sai da na yi lissafi, kuma a nan ne na fara jin kunyar malamanmu. Na zaɓi in kwaikwayi jirgi mai tsawon mita 20, faɗin mita 6.5, da nauyin tan 125, in rage shi kashi 1 cikin 25. Tsawo da faɗi ba wuya, raba su kawai za ka yi da 25, ka sami santimita 80 da santimita 26. Amma nauyi ba haka yake ba. Tunda an rage tsawo, an rage faɗi, an kuma rage zurfi, dole a raba nauyin da 25 sau uku, wato da 15,625. Kilo 125,000 in ka raba da wannan adadi, kilo 8 za ka samu. Ma'ana, in ina so jirgina ya zauna a ruwa daidai layin da babbansa yake zama, sai ya kai kilo 8 cif, ya ture lita 8 ta ruwa, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

'Yan ajinmu, wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis, mutumin Sirakus da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Mun haddace ta, mun rubuta ta a jarrabawa, wasunmu har sun ci da kyau. Ni dai na rantse ban gane ta ba sai ranar da na tsaya da sikelin mai sayar da kaji ina auna katako.

Shi ma gudu da nasa lissafin. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna William Froude, wanda ya gina tafkin gwada ƙananan jirage a garin Torquay a farkon shekarun 1870, ya nuna cewa gudun ƙaramin jirgi ana samunsa ne ta raba gudun babban da tushen adadin da aka rage shi, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan adadi. A nawa lissafin 5 ke nan. Babban jirgin yana yin kamar kilomita 18 a awa, saboda haka nawa bai kamata ya wuce kilomita 3 da rabi da 'yan kai ba, tafiyar mutum a ƙafa ba da sauri ba. Har yau masu ƙera manyan jirage sai sun gwada ƙaramin samfuri a tafki kafin su yanka ƙarfe. Kun ga ashe wasan yaran yana da manya a cikinsa.

Daga nan sai aikin hannu. Na zana jirgin a takarda da girmansa na gaskiya, na fitar da ƙashin bayansa da haƙarƙari guda 9, na liƙa zanen a kan filawud mai kaurin milimita 6, na yanka da ƙaramin zarto. A kife ake haɗa gangar jikin, a kan miƙaƙƙen falanki, don kada ta karkace. Sai na yanka siraran filawud na rufe haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama a tare. Wajen goshin jirgin, inda katako ke ƙin lanƙwasa, sai an jiƙa shi a ruwan zafi tukuna. Na karya guda nawa kafin in gane haka, Allah kaɗai ya sani. Bayan gam ya bushe aka shiga gugar samfefa, wadda ta ci mini Asabar huɗu. Sannan na je wurin masu gyaran bambar mota, suka koya mini yadda ake shimfiɗa zaren faiba a shafe shi da ruwan gam ɗinsa, abin da ke hana ruwa taɓa katakon. Wani yaro da bai wuce shekara 17 ba shi ya zama malamina a ranar, kuma bai raga mini ba da na yi kuskure.

Injin, tsohuwar motar fankar mota ce mai aiki da bolt 12, na samo ta a kasuwar 'yan gwangwan. Batirin irin na akwatin ajiye wutar kwamfuta ne, nauyinsa ya ɗan haura kilo 2. Wuri mafi hatsari shi ne inda sandar farfela ke huda jirgin ta fita cikin ruwa. Ana sa ta ne a cikin bututun tagulla, a cika bututun da giris, a kuma ɗaga bakinsa na ciki yadda ruwa ba zai samu hanya ba. Bayan farfela akwai filafilin da ke juya akalar jirgin, da ɗan ƙaramin injin da ke karkata shi hagu ko dama.

Rimot da risiba da na'urar daidaita gudu, su kam saye na yi ta intanet, kuma su suka fi cin kuɗi. Na zamani suna aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4, kowane rimot yana gane risibarsa, ba kamar na da masu megahaz 27 ba, waɗanda in mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya sai umarninsu ya cakuɗe. Sai dai wannan zango ba ya ratsa ruwa sosai, don haka dole eriyar ta kasance sama da layin ruwa. Kada kuma mu ɗauka abin sabo ne. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa da rediyo a birnin New York na Amurka.

Yanzu bari in faɗa muku inda na ji kunya. A watan Oktoba na 2022, bayan ɗaukewar damina, na kai jirgin wata madatsar ruwa ta bayan gari. Na gayyaci abokan aiki, na tafi da 'ya'yana. Nauyinsa kilo 8 daidai, ya zauna a kan layin da na shata masa, kowa ya tafa. Na tura shi gaba, ya tafi sumul. Da na karkata akalarsa dama, sai ya kwanta a gefe, ya ɗan yi jim, ruwa ya shiga ta ƙofar bene, ya kife. Wani mai kamun kifi ne ya shiga ya ciro mini shi. Na'urar daidaita gudu ta ƙone. Ɗiyata ƙarama ta tambaye ni, "Baba, mutanen ciki fa?" Babu kowa a ciki, amma ban iya ba ta amsa ba.

Dalilin da ya sa tambayar ta yi mini nauyi, duk kun san shi. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayu na wannan shekarar wani ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara, Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150. A watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi, Jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu da rahama. A duk waɗannan, rahotanni sun ambaci lodi fiye da kima.

Da na zauna na binciki nawa kuskuren, sai na ga jimlar nauyin daidai take, wurin da na ajiye shi ne ba daidai ba. Na gina ɗakin matuƙi da katako mai kauri saboda ya yi kyau, na kuma ɗora batirin a kan wata 'yar kanta don ya yi sauƙin cirewa. Nauyi ya taru a sama. Jirgi yana komawa daidai ne bayan ya karkata in nauyinsa yana ƙasa kuma gefensa yana da sauran tsayi a kan ruwa. In ka ƙara lodi, gefen yana matsowa kusa da ruwa. In lodin yana sama, kamar mutane a tsaitsaye ko babura a kan buhuna, ƙarfin komawar yana raguwa. In kuma ruwa ya fara shiga, duk inda jirgin ya karkata can ruwan zai gangara ya ƙara danna shi. Abin da ya faru da nawa cikin daƙiƙa biyar ke nan. Mun yarda da ƙaddara, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Na rushe ɗakin matuƙin na sake shi da siririn katako da roba. Na sauko da batirin har ƙasan jirgin. Nauyin da na rage a sama na mayar da shi ƙasa da gutsattsarin dalma da na samo wurin masu gyaran taya. Na raba cikin jirgin gida uku da bango don ruwa kada ya yi yawo, na cusa soso mai yawo a kan ruwa a goshi da baya. Kafin in sake fita, sai da na gwada shi a babban baho a tsakar gida, ina danna gefensa da yatsa ina saki, ina kallon yadda yake miƙewa. A watan Maris na 2023 ya koma madatsar, ya tura falanki ɗauke da bulo biyu ya kai gaci ya dawo. Ban gayyaci kowa ba a ranar sai ɗiyar tawa.

To, ga buƙatar da na ambata. Da safen nan na zaga ta ɗakin koyon sana'a na makarantarmu. Ƙofar a garƙame take, rufin gefen gabas ya yaye, ta taga na hango teburan aiki da ƙura ta rufe. Ba na ɗora wa kowa laifi, domin ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Tun da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982 da niyyar koya wa yara aikin hannu, makarantu da yawa a ƙasar nan sun karɓi injuna waɗanda suka tsufa a cikin akwatunansu, saboda rashin wuta ko rashin mai koyarwa. Mu kanmu a zamaninmu, a allo aka zana mana zarto. Malaminmu na Fiziks, wanda ke zaune a gaba yanzu, ya sha kawo bokiti da dutse da igiya daga gidansa don ya nuna mana abin da littafi ke nufi, mu kuwa muna ta dariya a baya. Malam, ka yafe mana. Bayan shekaru masu yawa, ɗaya daga cikin masu dariyar ya gane.

Abin da nake roƙon Ƙungiya guda uku ne. Na ɗaya, a sa gyaran rufin ɗakin nan da ƙofarsa a cikin aikin bana. Na biyu, a sayi kayan aikin hannu waɗanda ba sa buƙatar lantarki: zarto, guduma, filaya, rula, samfefa, gam da filawud. Na uku, kuma shi ne mafi wuya, mu ba da lokacinmu. A cikinmu akwai injiniyoyi, akwai kafintoci, akwai masu gyaran waya. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata, in Shugaban Makaranta ya amince, in zauna da yara 10 mu gina irin wannan jirgi tun daga zane. Zan bar wannan a ofishinsa tare da zanensa. Sharaɗina ɗaya ne, a bar yara su taɓa shi, kada a kulle shi a kabad. In ya lalace za mu gyara. Wasu daga cikin yaran nan daga garuruwan bakin ruwa suke, kuma a jirgi suke zuwa gida hutu. Ina so yaron da zai shiga jirgi ya iya duban gefensa ya san ko lodin ya yi yawa, ya kuma nemi rigar kariya ba tare da jin kunya ba.

Bayan an tashi, Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa ga duk mai son sa sunansa. Masu son ganin jirgin a ruwa kuma, mu haɗu a tankin bayan kicin bayan sallar La'asar.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda ke raye, Allah ya saka musu da alheri, ya ƙara musu lafiya. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.